Yaya da Awon Darma

Yayana gyaran fanka yake yi, amma in ka kira shi mai gyaran fanka ba zai waiwayo ba, sai ka ce Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya rubuta shi da jan fenti a ƙofar shago, kuma duk layinmu shi kaɗai ke iya faɗarsa bai yi dariya ba. Ni ƙaninsa ne, tela, shagona na jikin nasa, don haka duk kwamacalar da zai tafka ni ne nake fara shaƙar hayaƙinta.

Shekara goma sha biyu ke nan yana cikin ƙungiyar masu harbin allo. Duk Asabar da safe sukan taru a wani fili bayan tsohon ramin fasa dutse da bindigoginsu na adaka, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi da harsashin darma ta baki, a kafa allo a taku hamsin, kowa ya gwada hannunsa. A duk shekarun nan Yaya bai taɓa samun allon ba. Ban ce tsakiya ba fa, allon gaba ɗaya nake nufi, wanda faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki. Kullum kuma akwai mai laifi: yau iska ce, gobe rana ce ta shigar masa ido, jibi wani ne ya yi tari.

Bindigar ba tasa ba ce shi kaɗai, abin da ke ci mini rai ke nan. Ta Babanmu ce, Allah ya ji ƙansa, kuma ita kaɗai ce abin hannunsa da ya rage a gidan. Tana ɗakin Inna. Ita ke shafa mata mai, ita ke miƙa ta ranar Asabar, kuma ba ta yarda a fita da ita sai ina biye.

Wata Asabar, bayan Yaya ya sake aika harsashi biyar inda Allah kaɗai ya sani, sai ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, don ranar ba iska, akwai gajimare, ba wanda ya yi tari. Ya juya kan Kawu Maƙeri, abokin Babanmu, wanda shi ke zuba wa ƙungiyar harsashi tun kafin a haife ni.

"Kawu, a faɗi gaskiya, harsashinka ne. Furfurarka ce kawai ake dubawa ake rufa maka asiri."

Kawu bai ko ɗago daga goge bindigarsa ba. "Harsashina lafiyarsa lau, ɗan nan. Kai ne ba ka iya aunawa ba. Je ka koyi aunawa tukuna, sannan ka zo mu yi magana."

Kowa a filin ya san abin da tsohon yake nufi: ka auna allo da bakin bindiga, ka tsayar da hannu. Yaya kuwa sai fuskarsa ta washe.

"Aunawa! Jama'a, kun ji ya tona kansa da bakinsa! Ashe ba ya auna harsashin, zubawa kawai yake yi ya miƙo mana, wani ya fi wani nauyi. Ni kuma na zauna shekara goma sha biyu ana mini kallon makaho! To ku ba ni mako biyu. Zan zuba nawa da hannuna, in ɗora kowanne a sikeli. Harbi biyar zan yi. In ban sami allon nan ko sau ɗaya ba, Kawu, bindigar nan taka ce!"

Na daka masa tsawa, "Yaya!" Ina, ya riga ya miƙa hannu. Shugaban ƙungiya, wani tsohon direba da ba ya wasa da magana, ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, ya ce sau goma ma. Kawu ya dube ni, ya dube shi, ya kama hannun.

A hanyar gida na yi ta fama da shi. "Yaya, ba sikeli yake nufi ba. Saiti yake nufi. Kai fa in za ka ja kunamar bindiga rufe ido duka biyu kake yi, ka kawar da kai gefe."

"Wannan saboda hayaƙi ne. Kai tela, tsaya kan awon wando, ka bar wa injiniyoyi awon ƙarfe. Kuma in ka gaya wa Inna, ni da kai ne."

Ban gaya mata ba. Har yau ina cizon yatsa a kan haka.

Litinin da safe aiki ya kankama. Ya kwaso guntayen tsohon bututun darma daga wurin 'yan gwangwan, ya samo ƙarfen zubi, wani abu mai kamar awartaki da ɗan rami zagayayye a bakinsa. Abin narkarwa ne ya rasa, sai ya shiga kicin ya ɗauko ƙaramar tukunyar Anti, matarsa, da ludayinta na ƙarfe, ya kafa risho a ƙofar shago. Anti ta fito tana ɗaura zani.

"Maigida, tukunyar madarata ce a kan wuta?"

"Aro na yi. Kimiyya ce."

"Kimiyyar ta san a ciki nake dafa wa 'ya'yanka abinci?"

"In na gama sai ki wanke."

"In ka gama sai ka yi hula da ita, don ba za ta sake shiga kicin ɗina ba."

Na farko da ya zuba, ƙarfen zubin da sanyinsa, harsashin ya fito a yamutse, duk tamoji. Duk mai zuba darma ya san na farko-farko mayar da su ake yi tukunya har ƙarfe ya ɗauki zafi. Yaya kuwa ya ɗaga shi sama da awartaki yana nuna wa mutanen layi, ya ce wannan ita ce Uwa, tunda ita ta fara zuwa duniya, kuma duk wanda zai biyo baya da ita za a gwada shi. Ya naɗe ta a auduga ya saka a gwangwanin ashana. Kafin azahar ya zuba ɗari biyu, ya ƙona gira ɗaya da gaban rigarsa.

Sai maganar sikeli. Da farko ya aro na mai kayan miya, ya ɗora harsashi ɗaya, allurar ba ta ko motsa ba. Ya ɗora goma, ta ɗan yi kamar za ta gaisa ta fasa. Ya mayar yana cewa matar da ma cutar mutane take yi, ita kuma ta biyo shi har ƙofar shago tana sanar da layi tarihin fankarta da ya karɓa gyara tun bara. Ya haɗa nasa sikelin da hangar rataye kaya daga shagona da murafen gwangwani biyu, ya ɗora Uwa a gefe ɗaya, ba komai a ɗayan, sai gefen da ba komai ya rinjaya. Daga ƙarshe ya je ya yi wa mai sayar da gwal daɗin baki, ya aro ɗan sikelinsa mai lamba, wanda ko gashi ka ɗora sai ya nuna.

Nan ne layinmu ya shiga uku. Sikelin in ka yi numfashi kusa da shi lambar sai ta canza. Yaya ya rufe tagogi, ya kashe fanka, ya zo ya ce in tsayar da keken ɗinkina don ƙasa na girgiza. Mutane suka cika ƙofa suna leƙe, yana zaune cikin zufa, ya riƙe numfashi har idanunsa sun firfito.

"Kar wanda ya yi motsi! Uwa, giram goma da ɗigo bakwai."

Ya ɗora na biyu, sha ɗaya da rabi. "Ya yi ƙiba." Ya jefa a bokiti. Na uku, sha ɗaya da rabi. Na huɗu, haka. Na ashirin, haka.

Mai wanki da guga, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da ƙunshin kayan mutane a ka, ya ce, "Injiniya, ni jahili ne, amma in duk 'ya'yan sun yi daidai da juna, ita kaɗai ta fita daban, anya ba uwar ce ke da ciwo ba?"

"Ka taɓa ganin an gwada uwa da 'ya'ya? 'Ya'ya ake gwadawa da uwa. Je ka hura gawayinka."

Yana faɗar haka ya buga tebur don jaddada magana. Teburin kuwa ƙafa ɗaya gajera ce. Faranti ya karkace, harsashi sittin suka gangaro suka bazu har titi. Mai wanki ya juya zai tafi, ya taka uku lokaci ɗaya, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya zauna daɓas a bakin kwata, fararen kayan mutane suka riga shi shiga ciki. Ya tashi yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa ranar Asabar ɗin sai ya rufe shago ya je ya ga ƙarshen wannan kimiyya da idonsa.

Cikin ɗari biyu, ba ko ɗaya da ya yi daidai da Uwa. Wani zai tsaya ya yi tunani. Yaya magagari ya ɗauko. Ya zaɓi goma ya hau gogewa, ya goge ya auna, ya goge ya auna. Wanda ya zarce ya yi rashin nauyi sai ya ɗiga masa darmar liƙin waya a gefe. Kwana tara yana wannan aiki, fankokin mutane na jibge ba wanda ya taɓa. Ranar Alhamis ya kira ni ya nuna mini su a jere kan auduga, kowanne giram goma da ɗigo bakwai cif. Wani kamar ƙwai, wani kamar haƙori, wani da ƙari a ƙeya, ba zagayayye ko ɗaya.

Na ɗebi biyar daga bokitin waɗanda ya zubar, na tafi maƙera. Kawu ya jujjuya su a tafin hannu, ya murza ɗaya a kan uwar maƙera.

"Wa ya zuba waɗannan?"

"Yaya. Su ne ya ce ba su da kyau."

"Ikon Allah. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Wadda yake gwadawa da ita fa?"

Na kwatanta masa. Ya girgiza kai. "Iska ce a cikinta, shi ya sa ba ta da nauyi. Awon darma gaskiya ne, ni ma ina yi, amma don a fitar da irinta ake yin sa."

"Kawu, don Allah ka janye maganar nan. Ka san Inna."

Ya mayar mini da harsashin biyar a hannu. Sannan ya ce, "Ni ban nema ba, shi ya miƙo hannu a gaban mutum talatin, bayan ya ce ana rufa mini asiri. Ya sami allon sau ɗaya kawai, ko a gefe ne, ni zan fi kowa murna."

Don haka ranar Asabar da safe, Yaya na wanka, na buɗe jakarsa na kwashe gogaggun harsashinsa na zuba masu kyau guda biyar. Na ce ko da ido a rufe, wataƙila Allah ya dubi Inna.

Filin ya cika fiye da kullum. Mai wanki na gaba-gaba, mai kayan miya ta zo da kujerarta, Anti ma ta zo ta tsaya nesa ta harɗe hannu. Abin da ban sani ba, Yaya ya taho da sikelin. Ya shimfiɗa hankici a kan benci, ya ce kafin ya harba sai jama'a sun ga yadda ake aikin ilimi. Ya ɗora na farko. Sha ɗaya da rabi. Ya ɗora na biyu. Ya miƙe zumbur.

"Maƙarƙashiya! An sauya mini harsashi! Kawu, da girmanka?"

Filin ya ɗauki hayaniya. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya fara tahowa a hankali, na ga abin zai zama wani abu, na ce, "Ni ne, Yaya. Ni na sauya. Waɗannan su ne masu kyau, wallahi."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ciki ɗaya! Nono ɗaya!" Ya watsar da su a ƙasa, ya zura hannu a aljihu ya zaro ƙullin auduga. "Da ma na san akwai maƙiya, na ware huɗu ban saka a jaka ba. Da Uwa biyar."

Na miƙa masa 'yan ƙyallayen da na yanka masa, waɗanda ake naɗe harsashi da su don ya kama cikin bindiga. Ya ture hannuna, ya ce bai auna ƙyalle ba, zai ɓata masa lissafi.

Ya ɗura albarushi, ya jefa na farko, wanda ya sha magagari har ya rame. Ya juya yana yi wa jama'a bayani, bakin bindiga ya sunkuya, harsashin ya gangaro ya faɗo kan takalminsa bai ji ba. Ya rufe ido, ya kawar da kai, ya ja kunama. Daram! Hayaƙi ya turnuƙe.

"A duba allo!"

Mai wanki ya ce, "A duba takalmi dai."

Shugaba ya ce, "Ɗaya."

Na biyu, don kada ya sake gangarowa, Yaya ya ɗaga bakin bindigar sama ya harba a haka. Tsuntsaye suka tashi daga bayan ramin dutse, kowa ya dafe kai yana jiran abin da zai sauko. Shugaba ya ce biyu.

Na uku mai ƙari a ƙeya ne. Ya shiga rabin bindiga ya tsaya, ba gaba ba baya. Yaya ya doka da sandar ɗuri, ya doka, ya gaji, ya ce ba komai, wuta za ta tura shi. Yana ɗagawa Kawu ya yi tsalle irin wanda ban zaci yana da shi ba, ya fizge bindigar.

"Kai mahaukacin ina ne? Ka harba ta a haka, yau uwarka ta rasa bindiga ta rasa ɗa!"

Ya zauna ya zaro shi da wani ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, ya mayar masa da bindigar. Yaya ya ce wannan ba a ƙirga shi, tunda bai fita ba. Shugaba ya ce, "Da ya fita da ba mu da wanda za mu ƙirga wa. Uku."

Na huɗu ya karɓi ƙyalle, a ɓoye, ba tare da ya dube ni ba. Wannan ya fita kam, ya yi hagu taku goma ya huda duron ruwan ƙungiya. Ruwa ya yi tsiri ya nufi kujerar mai kayan miya, ta tashi tana salati da zani a jiƙe. Yaya ya ce a lura, tsayin ramin daidai yake da tsayin tsakiyar allo, saura kawai a gyara hagu da dama. Mutane kuwa na ta neman abin fakewa.

Saura Uwa. Ya warware audugar, ya sumbace ta, ya ɗura. Ni kuwa na daina jin dariyar mutane, bindigar kawai nake kallo, da wurin da hannun Babanmu ya cinye katakon har ya yi santsi. Na ce, "Yaya, don girman Allah, buɗe ido ɗaya. Ɗaya kawai."

Ya ce, "Kar ka koya mini aikina." Ya rufe duka biyu.

Uwa ta fita da wani fito kamar na butar shayi, ta karkata dama, ta daki dutse. Mai wanki ya ruga ya tsinto ta, ya dawo yana ɗaga ta sama. Ta dare biyu, cikinta rami ne, har da baƙin datti. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu.

Shugaba ya ce, "Biyar." Ya karɓi bindigar daga hannun Yaya ya miƙa wa Kawu.

Kawu ya sunkuya ya tsinci ɗaya daga waɗanda Yaya ya watsar, ya goge ƙasar a rigarsa, ya karɓi ƙyalle a hannuna, ya ɗura. Ya kafa ƙafa, ya kwantar da kunci a kan katakon, ya daɗe a haka. Da ƙarar ta tashi, baƙin ɗigon tsakiyar allo ya ɓace. Ya sauke bindigar ya ce, "Aunawar da na ce ka koya ke nan, ɗan nan." Ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi, bai tsaya karɓar gaisuwar kowa ba.

Muka kama hanyar gida har muka yi rabi. Sannan Yaya ya gyara murya. "Ka dai lura da abu ɗaya. Harsashin wa ya ci tsakiya? Nawa. Zubina ne."

Inna na zaune a tsakar gida tana tsefe wa jikarta kai. Ta dubi kafaɗar Yaya, ta dubi tawa, ta dubi sikelin da ke hannunsa. Ta sallami yarinyar.

"Ina take?"

Yaya ya fara, "Inna, wato akwai abin da ake kira giram..."

"Ba kai na tambaya ba."

Na durƙusa na gaya mata komai, har da cewa na sani tun mako biyu na yi shiru. Na jira faɗa, bai zo ba. Ta daɗe tana cire gashi daga matsefi.

"Maƙerin ya harba ta?"

"Ya harba, Inna."

"Ya samu?"

"Tsakiya cif."

Ta gyaɗa kai. "To, alhamdu lillahi. Shekara goma sha biyu ana cewa bindigar babanku ta tsufa, ba ta gani. Duk Asabar in na miƙa ta sai na ji kunyarsa." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ku bar ta can. Ta koma hannun wanda ya san shi."

Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Yaya ya matso kusa da ni yana raɗa, "Ka ji ko? Alhamdu lillahi ta ce, ba ta ma ji haushi ba." Bai rufe baki ba muka jiyo ta ta cikin ƙofar, tana kuka a hankali don kada mu ji, tana kiran Babanmu da sunan da ba ta taɓa faɗa a gabanmu ba.